Tukunyar Adas ta Kawu Sule

Ku ɗan matso kusa, don maganar nan ba ta son ɗaga murya. Mai ita tana nan a ɗaki, kunnenta kuma har yau ya fi nawa, ko da yake ita ce da bakinta ta ce in faɗa.

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Na'isa ya san Kawu Sule baduku, wanda yara suke kira Baba Adas in sun tabbata ya sha kwana. Ni ce Hajara, 'yar ƙanwarsa. Shi da matarsa Inna Kulu ne suka ɗauke ni tun daga yaye, da yake Allah bai ba su haihuwa ba. Daga gidansu aka kai ni ɗakin miji, ɗakin ma lungu ɗaya ne tsakani, saboda haka kusan kullum ina can. A shekarar da soja suka tattara komatsansu suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, a shekarar Kawu ya rasu, kuma saura ƙiris Inna ta bi bayansa. Abin da ya riƙe mana ita shi nake so in ba ku labari. Amma dole in fara da tukunya.

Kun san ranar cika-ciki. Kowane gida a birnin nan ana fito da jelar ragon layya da aka adana, a yanka kaji, a ci har a kasa miƙewa. To, a ranar ce Kawu yake ajiye wuƙar dukanci, ya naɗe hannun riga, ya tsaya a bakin madafi ya yi gyaran murya.

"Mata, a fita. Yau murhu nawa ne."

Namiji fa, da farin gemu har ƙirji! Sai ya shiga ɗakinsa ya sauko da wata tukunyar ƙasa da take rataye a ragaya, wadda a faɗarsa nama bai taɓa ko giftawa ta gabanta ba. A cikinta yake dafa adas. Ga wanda bai sani ba, adas wani ɗan wake ne ƙanana, falen-falen, kamar an sa yatsa an danne ƙwayar dawa. Ba nama, ba ƙashi, ba kitse. Lami ke nan tsagwaronta, a ranar da ko maraya yake lasar maiƙo. Kuma don abin ya cika abin magana, sai ya zuba mata dabino da zabibi da busasshen ɓaure. Miya da zaƙi, jama'a!

Inna takan zauna a bakin ƙofarta tana kaɗi, tana magana kamar da mazari take yi.

"Allah Sarki, miyar marayu ta hau wuta. Malam, ko in miƙo maka zuma ka ƙarasa ta ta zama alewa?"

"Kulu, ba ki san duniya ba. A Gat ba haka ake yi ba."

Wannan kalma, "a Gat ba haka ake yi ba," wallahi na fi jinta a kan sunana. In aka ɗaura guga, a Gat ba haka ake yi ba. In aka yi atishawa da ƙarfi, a Gat ba haka ake yi ba. Wata rana ruwan sama ya tsuge har ya shigo zaure, ya leƙa ya dubi sama ya girgiza kai, sai Inna ta riga shi: "Na sani, Malam. A Gat ba haka ake yi ba." Ya ce, "Ai kuwa, can ba ya ma zuwa."

Gat ɗin nan wani gari ne can cikin sahara a kan hanyar Turabulus. Kawu yana saurayi ya bi ubangidansa da raƙuma suka kai jar fata. Zazzaɓi ya kayar da shi a can, ayari ba ya jira, aka bar shi a hannun wata tsohuwa da ba ta jin Hausa, shi kuma ba ya jin nata. Ba ta da akuya, ba ta da kaza. Abin da ke cikin ɗakinta ke nan, adas da 'ya'yan itace busassu. Shi ta dinga dafawa tana ɗura masa har ya tashi. Ranar da ya fara zama da kansa ta zo daidai da Ashura, wato ranar cika-ciki. Ko sunanta bai riƙe ba. Ya ce muddin yana numfashi, duk shekara sai ya dafa abin da ta dafa, kamar yadda ta dafa, ya rabar, ladan ya je mata. Wannan shi ne kaɗai labarin da Inna ba ta taɓa yi masa dariya a kai ba.

Ni aikina a ranar fifita ne. Tun ina ƙarama ya naɗa ni Sarkin Fifita, kuma har na yi 'ya'ya huɗu bai sauke ni ba, bai kuma ƙara mini girma ba. Ina zaune da mafici ina kallo. Ya soya albasa da yawa a man zaitun har ta yi ja, ya sa tafarnuwa da citta da kurkum da ɗan kirfa, da wani ƙamshi da yake kira kammun. Ya zuba busasshen tumatir da aka jiƙa aka niƙa, da kabewa yanka manya-manya, sannan adas da ruwa. Sai ta yi nisa yake sa ɓaure da dabino, zabibi a ƙarshe don kada ya narke, lemon tsami kuma sai an sauke. Dokokinsa biyu ne: ba nama, ba daddawa. Ta daddawar ma ta fi tsanani.

"Tsohuwar nan ba ta taɓa jin warin daddawa ba har ta koma ga Allah. Kulu, nuna mini hannunki."

Sai ya shinshina tafin hannunta kamar ɗan doka. Kuma hancin Kawu ba na wasa ba ne. Mutumin da za a miƙo masa fata ido rufe, ya shinshina ya ce akuya ce, kuma ba a Kano aka jeme ta ba.

Akwai kuma doka ta uku da muka ɗauka cikin rigimarsa ce kawai. Da an kira La'asar, sai ya janye itace ya rage wuta, ya rufe tukunya da faifai.

"Sarkin Fifita, ajiye mafici. Shiga ɗaki ki yi salla, ki saki asabari. Tukunya tana son a ba ta wuri ta yi tunani."

"Kawu, in ta kama fa?"

"A Gat ba a gadin tukunya."

Ya tafi masallaci. Kuma ranar nan ba ya dawowa da wuri. Sai ya gaisa da liman, ya gaisa da ladan, ya tambayi kowa jikin iyalinsa har da waɗanda ba su da iyali. In ya dawo ya yi sallama da ƙarfi tun daga zaure, ya buɗe tukunya, ya ɗanɗana a tafin hannu, ya lumshe ido.

"Gat! Wallahi Gat sak!"

Inna kuma a daidai nan tari yake sarƙe ta, duk shekara.

To, ina yake samun adas a Kano? Wajen alhazai. Da an fara haramar tafiya Makka, sai Kawu ya bi gidajen maniyyata ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna zuwa a yi musu addu'a a gaban Ka'aba, shi kuwa saƙonsa daban.

"Alhaji mai jiran gado, ba na son hula, ba na son zobe, ba na son carbi. Adas, ɓaure, zabibi, man zaitun. Maimaita in ji."

Wata shekara maƙwabcinmu Alhaji Inuwa mai tireda ya ga abin da kunya a ce ya dawo daga Makka ya kawo wa dattijo wake. Sai ya sayo masa agogon hannu mai kyau, mai sheƙi, a cikin ɗan akwatinsa. Kawu ya karɓa, ya jujjuya, ya kara a kunne, ya shinshina.

"Madalla. Shi wannan jiƙa shi ake yi tun dare, ko kai tsaye ake zuba shi?"

"Haba Malam Sule, agogo ne fa!"

"Na gani. Ina tambaya ne da gurasa ake cinsa ko da tuwo."

Bai bar Alhaji Inuwa ya sha ruwa ba sai da ya zaga gidajen sauran alhazai ya haɗo masa adas, kowa ya ɗan tsakura. Agogon kuwa a wuyan tukunya ya ɗaure shi, wai ita ce take bukatar sanin lokaci. Tun daga shekarar, Alhaji Inuwa ko bai je ba sai ya ba da sautu.

Abin da aka sha wuya kafin a samu, kun san ba za a yi wasa da shi ba. Kawu ɗaiɗai yake tsince adas a faifai, ya fitar da tsakuwa, in ƙwaya ɗaya ta faɗi sai an nemo ta. Wata shekara iska ta kifar da gefen faifan, kafin ya yunƙura wata kazar Inna mai wake-wake ta faɗa ta hau tsattsaga. Wayyo! Ku zo ku ga dattijo da babbar riga yana zagaya rijiya, kaza gaba shi baya, hula ta yi nata wuri. Da ƙyar ya danne ta a bayan turmi.

Inna har da tafi. "Alhamdu lillahi! Miƙo wuƙa, Hajara. A yanka ta a ciro maka abinka, mu kuma mu samu na cika-ciki."

Kawu ya dubi kaza, kaza ta dube shi. Yana haki ya ce, "Wadda ta ci abincin Makka? A gidana? Ba mai sa mata wuƙa. Daga yau sunanta Hajiya."

Haka aka yi. Hajiya ta daina ƙwai, ta yi ƙiba, tana tafiya tana rangaji a tsakar gida, baƙi su yi sallama a ce musu, "A yi hankali, Hajiya tana kwance a hanya." Tsufa ne ya kashe ta. Inna ta ce, "Ni da na shekara ina roƙon Allah kujerar Makka, kaza ta riga ni samun suna."

Cika-cikinsa na ƙarshe ya faɗo daidai lokacin da aka buɗe siyasa. Garin nan ya rabu biyu, wa da ƙani ba sa gaisawa, motoci da lasifika har cikin lungu. Wani mai neman kujerar majalisa, ba zan faɗi sunansa ba don yana nan da ransa, ya ji labarin wai akwai wani dattijo a Ƙofar Na'isa da talauci ya sa gidansa suke cin lami ranar cika-ciki. Sai ga shi da 'yan rakiya, an saɓo cinyar sa guda.

Kawu ya tare su a zaure. "Naman nan ya tsaya a waje, akwai tukunya a ciki. Kai kuwa shigo, baƙo ba ya wuce abinci."

Ya sa na kawo kwano da gurasa mai zafi. Ina laɓe a bayan ƙofa. Mutumin ya gutsuri gurasa ya dangwala, zaƙi ya dake shi, na ga idonsa ya yi waje, amma ya haɗiye. Can ya ci karo da ɓaure da ya dahu ya yi baƙi. Sai fuskarsa ta washe.

"Kai, Baba Malam! Ashe ƙarya ake yi maka. Naman nan ya dahu luguf! Rago ne ko?"

"Ɓaure ne."

"Na'am?"

"Ɓaure. Na itace."

Kawu ya ce, "Ci abinka, yaro, Allah ya ba da sa'a. Amma ƙuri'ata ka haƙura da ita. Mutumin da ya ga nama a inda babu, in ya hau sai ya ga titi da famfo a unguwar nan, ya ce an gama."

Cinyar kuwa ya sa aka rarraba wa maƙwabta. Inna ta tsaya tana kallon nama yana fita daga zaurenta yanki-yanki, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da Gat."

Ranar da soja suka miƙa mulki, muna zaune muna ji a rediyo, Kawu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, masu takalmi sun fita daga madafi. Saura mu ga ko masu babbar riga sun iya girki." Bai zauna ya gani ba. Bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama shi, irin wanda ba ya yi wa tsoho da sauƙi. Wata safiya Inna ta fita ɗora ruwan zafi, ya yafito ni.

"Sarkin Fifita, bana ke za ki hau murhu."

"Haba Kawu, kai za ka yi abinka."

"Yi shiru ki ji. Kin ga komai da idonki, ba sai na maimaita ba. Ba nama. In an kira La'asar ki bar ta ki shiga ɗaki. In kin fito kin ɗanɗana kin ji ba ta yi ba, ki je ki gaya wa Kulu, Malam ya ce ya tafi masallaci, kuma wannan karon zai daɗe, ta yi abinta a tsanake."

Na ɗauka zafin zazzaɓi ne. Na ce to, na gyara masa bargo. Kafin Juma'a ta zagayo mun rasa shi.

Nan fa tashin hankali ya fara. Inna ta shiga takaba, ta shiga ɗaki, ta juya fuska bango. Matar da bakinta ba ya hutawa, ta koma sai "to" da "a'a". Abinci kuwa ta ce ba ya wucewa. Maƙwabta suka yi ta aiko da farfesu, da fura mai nono, da kunun gyaɗa, duk sai ta kurɓi ruwa ta ture. An yi rubutu ta sha, an kawo maganin ƙarin jini, shiru. Mai gidana ya ɗauko wani likita, ya duba ta ya ce in ba ta fara ci ba sai dai a kwantar da ita a asibiti a sa mata ruwa. Ta ce mai takaba ba ta fita, a bar ta a inda Malam ya bar ta. Awarwaron da ta cire saboda takaba na gwada mata a hannu don in gani, ya zarce har gwiwar hannu. Na fita bayan ɗaki na yi kukana. Uwa ɗaya na sani a duniya, ga ta tana narkewa a gabana.

Ana cikin haka alhazai suka fara dawowa. Sai ga Alhaji Inuwa, ko gida bai shiga ba, da ƙullin kaya a hammata, yana ƙwala kira tun daga bakin lungu.

"Ina Malam Sule? Fito ka karɓi wakenka, kada ka ce na kawo agogo!"

Ba wanda ya sanar da shi a can. Da ya ga tabarmin zaman makoki a jingine, sai ya zauna a dakali ya rufe fuska da hula. Ya daɗe. Sannan ya miƙo mini ƙullin ya ce, "Hajara, ni dai na sauke. Saura ke."

Ranar cika-ciki na sauko da tukunya, agogo yana nan a wuyanta ya daɗe da tsayawa. Na tsince adas ɗaiɗai. Na yi komai kamar yadda na gani tun ina yarinya, albasa, tafarnuwa, citta, kirfa, kabewa, ban tsallake ko ɗaya ba. Babbar 'yata ta karɓi mafici. Tun kafin azahar kwanuka suka fara taruwa a zaure, don mutanen unguwar nan da suke yi masa dariya su ne ba sa bari shekara ta wuce ba su aiko ba. Ni kuwa ba su ne a raina ba. Na sa rai ko ƙamshin zai shiga ɗakin Inna ya yi abin da likita ya kasa. Ƙamshi ya cika gida. Asabarinta ko motsi.

Aka kira La'asar. Na janye itace, na rufe da faifai, na kora yara, na shiga ɗaki na yi salla, na ja carbi har yatsuna suka gaji. Na fito na buɗe na ɗanɗana.

Salam! Wallahi kamar an jiƙa dabino a ruwan wake. Ga zaƙi, ga yaji, ga gishiri, amma kowa yana zaman kansa, ba mai gaisawa da wani. Na ƙara gishiri, na ƙara citta, ba ta canja ba. Na ba matar Alhaji Inuwa ta ɗanɗana, ta tauna ta dubi ƙasa ta ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yar nan." Kun san in aka ce kin yi ƙoƙari an gama da ke.

Na zauna a kan turmi, ga kwanukan mutane, ga Inna a kwance, ga alkawarin mamaci ya lalace a hannuna. A nan maganarsa ta faɗo mini. Na ce ko da zafin zazzaɓi ne, saƙo ne, kuma ban isar ba. Na ɗaga asabari na durƙusa.

"Inna."

Na matsa kusa da gadon.

"Inna, miyar ba ta yi ba. Kawu kuma ya bar mini saƙo. Ya ce in ba ta yi ba in gaya miki, wai ya tafi masallaci, kuma wannan karon zai daɗe, ki yi abinki a tsanake."

Na ga bayanta ya ƙame. Can ta juyo a hankali, rabona da ganin ƙwayar idonta tun ranar jana'iza.

"Me kika ce?"

Na maimaita.

"Shi ya faɗa? Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Inna."

Sai ta dafa gado ta tashi zaune. "La'ilaha illallahu! Ashe Malam ya sani! Ya sani ya bar ni ina sanɗa kamar ɓarauniya tun ina amarya! In cire takalmi, in bi ta bayan rumbu, in dawo in wanke hannu da toka har fata ta yi fari, ashe yana can yana gaisawa da ladan yana yi mini dariya! Kama ni, Hajara. Janyo kwallar nan ta ƙarƙashin gado."

A can ƙasan kwalla, cikin tsumma, cikin wani tsumman, ga daddawa.

Na riƙe ta har madafi, bakinta kuwa ya dawo gaba ɗaya. "Shekarar farko da ya dafa, ko akuya ba ta ci ba. Kwanuka suka dawo a cike, na ga mutumin nan ya zauna a zaure kamar an yi masa mutuwa. Na ce a'a, ba a gidana ba. Ke, daka ta da kyau, ta yi laushi. Ba da yawa ba! So kike ta yi ihu? Raɗa ake so ta yi."

Ta barbaɗa, ta juya, ta sa aka tura itace ɗaya. Muka jira. Ta ɗebo a ludayi ta zuba a tafin hannu ta lasa.

"Da saura."

Ta ƙara ɗan kaɗan. Ta sake lasa. Ta matsa lemon tsami, ta kurɓa daga ludayin. Ta tsamo ɓaure ɗaya wai ta ji ko ya dahu. Ta tsamo kabewa wai ta ji ko ta sha gishiri. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta miƙo hannu.

"Ba a gane ta sai da gurasa. Miƙo."

Na miƙa. Ta cinye. Ta ce waccan ta huce, a ba ta mai zafi. Jama'a, ina tsaye hawaye yana zuba, ina dariya, 'yata tana ta fifita wutar da ba ta bukatar fifita. Matar Alhaji Inuwa ta fita zaure da gudu ba mayafi tana cewa, "Ta ci! Kulu ta ci!" Na ji maza a waje suna ta hamdala kamar an ga wata.

Na ɗanɗana. Ita ce, ita ce sak wadda na tashi da ita. Na ce, "Inna, Gat!"

Ta share ido da gefen zani ta ce, "Gat ina? A Kano haka ake yi."

Daga ranar ba ta sake juya wa kwano baya ba. Ta gama takabarta lafiya, ta mayar da jikinta, ga ta can tana faɗa da jikoki a kan sun taɓa mata mazari. Duk cika-ciki ni nake hawa murhu, ba nama, kamar yadda ya ce. Kuma da an kira La'asar sai ta kore ni ɗaki, ta cire takalmi, ta bi ta bayan rumbu. Na ce, "Inna, ai yanzu kowa ya sani." Ta ce, "Ina ruwanki? Haka muka saba da shi."

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa yana cikin waɗanda aka yi wa sauƙi. Allah ya kai ladan tukunyar nan ga tsohuwar Gat da ba mu san sunanta ba, shi ya san ta. Inna kuma Allah ya bar mana ita, ya ba ta kujerar da kaza ta riga ta. Amin.

Yanzu ku da kuka yi shekaru kuna aiko da kwano, ku gaya mini tsakaninku da Allah: cikin su biyun nan, wa ya yi wa wani wayo?